Kafin Yaya Huraira Ta Fita Takaba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya ba ɗan Adam harshe ya kuma ba shi kunne, ya sanya abin da wani ya faɗa ya zama amana a wuyan wanda ya ji. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa. Sallama ga mai karatu. Waɗannan wasiƙu ne da suka gudana tsakanin Malam Sulaiman na Gyaɗi-Gyaɗi da Zahra'u, 'yar ƙaninsa marigayi Audu, wadda take aikin haɗa sauti a wani gidan rediyo a Legas. Shi da hannu yake rubutawa, matarsa Hajiya Maimuna ta ɗauki hoton takardar da waya ta tura.

Gyaɗi-Gyaɗi, 20 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga 'yata Zahra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki, ina sanar da ke muna nan cikin rufin asirin Allah. Gwiwar nan tawa ta dama tana nan yadda kika bar ta, sallar nafila a zaune nake yin ta yanzu. Hajiya ta sha fama da zazzaɓi, amma ta miƙe.

Kin san gwaggonki, Yaya Huraira, tana takabar Alhaji Baballe a Darmanawa, yau kwana goma sha biyar ke nan. Kabiru ɗanta ya yanke shawarar ranar da ta fita zai ɗauke ta zuwa Abuja, kuma ban ga laifinsa ba, domin ba a barin tsohuwa mai shekara tamanin ita kaɗai a gida. Abin da ya dame ni daban ne. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta tsara wata doguwar waƙa da take karantar da matan gida hukunce-hukuncen addini da ita, baiti ɗari uku da 'yan kai. Ba ta rubuta ba, mu ma ba mu rubuta ba. Ni ina can ina bin zaurukan malamai, ina ganin abin na mata ne. Yau duk duniya babu mai ita a ka sai Yaya. Ranar Juma'a na je gaishe ta, ta tambaye ni sau biyu ko na ci abinci, alhali kwanon yana gabana.

Na gwada ɗaukar muryarta da wayar Hajiya. Ana cikin yi kira ya shigo ya yanke, daga baya wayar ta ce ta cika. Sai na je kasuwar waya ta Tarauni, wani mai shago da ake kira Bashir ya nuna mini kwamfutar tafi-da-gidanka guda biyu. Ɗaya baƙa ce mai kauri, ya ce ƙarfinta ya isa a haɗa fim da ita. Ɗayar siririya ce, na ɗaga ta da hannu ɗaya, amma ya ce ba ta kai waccan ƙarfi ba. Ya yi mini bayani mai yawa, rabinsa da Turanci, na yi ta gyaɗa kai ban fahimci komai ba.

Ke ce wannan aikinki. Wacce zan ɗauka? Ina so in ɗauki muryar, in kuma iya yankewa in jona da kaina. Ki ba ni amsa da wuri.

Baffanki, Sulaiman

Legas, 27 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Baffa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau, sai ruwan sama da cunkoson hanya.

Baffa, kada ka saya tukuna. Aikin murya ɗaya ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfin haɗa fim, Bashir dai yana son ya sayar da babbar ne. Abin dubawa shi ne nauyinta kada ya wuce kilo ɗaya da rabi, batirinta ya kai awa takwas ba caji, sannan ka kara kunnenka a jikinta ka ji ko fankar cikinta tana huci, domin makirfo ba ya barin irin wannan. Ka duba kuma akwai ramin da za a soka makirfo.

Amma gaskiya ɗaki ya fi kwamfuta muhimmanci. A sami ɗaki a rufe ƙofa da taga, a kashe fanka, a jingina katifu a bango, a zaunar da Gwaggo a kujera makirfo yana daidai bakinta, kada ta motsa. Haka muke yi a nan.

Sannan ina da wata shawara. Akwai wani abokin aikina a Kano, Yusuf, yana da kayan aiki cikakku. Zai iya zuwa ya gama komai a yini biyu, ka huta da hawa adaidaita sahu da wannan gwiwar. In ka amince sai in kira shi.

'Yarka, Zahra'u

Gyaɗi-Gyaɗi, 25 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga Zahra'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwadon hali. Na jinkirta amsa ne don kada in rubuta abin da zan yi nadamarsa.

Na tambaye ki wacce zan saya, kin nuna mini wanda zai yi aikin a madadina. Na fahimta. Tsoho ne ni, kuma gaskiya ne ban san waɗannan na'urori ba. Sai dai kin manta abu biyu. Mace mai takaba ba ta zama yini biyu a ɗaki rufaffe da namijin da ba muharraminta ba. Na biyu, da na ambata wa Yaya maganar, cewa ta yi: "Muryar da Alhaji kaɗai ya sani ita za ka kai wa ɗan wani ya sa a kunne? To ka bar ta ta bi ni kabari." Da ƙyar na lallashe ta. Sharaɗinta shi ne ni zan ɗauka, ni zan gyara, sai ke idan ya zama dole.

Ban sayi komai ba. Na aro ta surukina, irin baƙar nan mai kauri, da makirfo mai ƙafa. Daga ƙofar gida zuwa titi na huta sau biyu. Mai adaidaita ya ce, "Baba, bulo ne a jakar nan?" Kafaɗata har yanzu ba ta daina zugi ba.

Na yi duk abin da kika ce. Muka rufe ɗakin Alhaji, muka jingina katifu, na zaunar da ita a kujera. Ta dubi makirfon, ta gyara mayafi, ta fara:

Ki wanke hannu kafin ki sa shi a ƙwarya,
Ki yi niyya a zuci, ba da ƙarfin murya.

Ta kawo baiti bakwai ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Gumi yana zubo mana, kwamfutar tana huci kamar tukunya a kan wuta, kafin awa ɗaya aka ɗauke wuta ita ma ta mutu. Sau uku ina zuwa, sau uku haka. A na ƙarshe ta ce, "Sule, ta tafi. Inna ta karɓi abinta." Sai ta yi kuka, ni kuma na buɗe ƙofa na fita alwalar la'asar.

Hajiya ta tura miki abin da aka ɗauka a ranar ƙarshen. Ki ajiye baiti bakwai ɗin, su ne rabonmu. Na mayar wa mai kwamfuta kayarsa. Ina ganin mun makara, kuma laifin nawa ne tun shekaru arba'in da suka wuce.

Baffanki, Sulaiman

Legas, 18 ga Jumada Ula

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kafaɗar ta yi sauƙi. Ka yafe mini wannan dogon shiru. An tura mu aiki wani ƙauye makonni biyu, na dawo da zazzaɓi, sannan kuma kunya ta hana ni buɗe saƙon. Wallahi Baffa ban yi nufin ba za ka iya ba, gwiwarka na tuna. Maganar takaba kuwa ban yi tunaninta ba sam, zaman Legas ya sa na fara auna komai da ma'aunin ofis. Na tuba.

Jiya na saurari abin da Hajiya ta turo. Minti hamsin da biyu ne, amma zamanku a ɗakin minti goma sha takwas ne kawai. Da ka fita alwala ba ka tsayar da ɗaukar ba. Ana jin ƙarar ƙofa, ana jin takun Gwaggo ta fita tana jan takalmi. Shiru ya biyo baya, na kusa kashewa. Sai a wajen minti na talatin wani sauti ya fara daga nesa, shaf, shaf, shaf, a jere ba ya saɓawa. A bayansa kuma muryar Gwaggo. Na ƙara ƙarfin sautin har ƙarshe, na saurara sau biyar. Baffa, waƙar take yi. Ta wuce baiti na bakwai ba ta ko yi tuntuɓe ba, na ƙirga ashirin da shida kafin batirin ya mutu. Kalmomin ba su fita sosai, ta yi nisa da makirfon.

Me take yi a lokacin? Don Allah ka tambaya, amma kada ka gaya mata dalili.

Idan abin da nake zato ne, to shawarata ta farko kuskure ce daga tushe. Ba ɗaki ake buƙata ba, abin da zai bi ta inda take ake buƙata. Ka koma wajen Bashir ka ɗauki siririyar, ka tabbatar irin wadda ba ta da fanka a ciki ce gaba ɗaya. Ka ce ya ɗora maka manhajar ɗaukar sauti mai sauƙi, ya nuna maka maɓalli uku kawai: na farawa, na tsayarwa, na adanawa. Ka bar makirfo mai ƙafa, ka nemi ɗan ƙarami mai doguwar waya da ake maƙalawa a bakin mayafi. Ka haɗa da filashi guda biyu na adana abin da aka ɗauka.

Saura ƙasa da wata biyu. Ni na ci maka makonni uku a ciki.

'Yarka, Zahra'u

Gyaɗi-Gyaɗi, 22 ga Jumada Sani

Zuwa ga 'yata Zahra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na yafe miki, ni ma ki yafe mini zafin alƙalamina. Lafiyarmu ƙalau, sai gajiya da ta zama abokiyar zama.

Tankaɗe take yi. Garin dawa ne aka kawo daga inji, ta zauna a tsakar gida da rariya. Da Hajiya ta gaya mini haka sai na tuna. Ban taɓa ganin Inna ta zauna ta harɗe ƙafa ta ce a zo a yi karatu ba. Tana tankaɗe ne, ko tana sheƙar gero, 'yan mata suna kewaye da ita kowa da abin yi a hannu, ita tana bayarwa suna amsawa. Ni da nake wucewa da littattafaina a hammata ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin makaranta ba. Astagfirullah.

Na sayi siririyar. Bashir ya yi ta ƙoƙarin juya ni zuwa babbar, ya ce, "Malam, wannan fa ta 'yan jami'a ce, ba za ta ɗauki aiki mai nauyi ba." Na ce masa aikin tsohuwa ɗaya ne da rariya ɗaya. Na kara kunnena a jikinta kamar yadda kika ce, mutanen shagon suna dariya, ban ji komai ba. Tana shiga jakar da nake sa littafi, ina rataya ta in hau adaidaita ba tare da na nemi taimako ba. Caji ɗaya yana kai mu tun hantsi har azahar, ko akwai wuta ko babu.

A kan kifaffen turmi nake ɗora ta, a inuwar katanga. Ranar farko Yaya ta ƙi a maƙala mata makirfo, ta ce ƙwaro ne. Hajiya ce ta maƙala shi ta bayan mayafi tana yi mata hira. Ban ce ta yi waƙa ba. Na zauna gefe ina jan carbi, aka zuba mata gari. Ba ta yi minti biyar ba ta fara. Da ta ɗago ta gan ni na zuba wa allon ido, sai ta ce, "Sule, kai da ake cewa ka haddace littattafai, yau kai ne a tsakar gida kana ɗaukar karatun mata? Da Inna na nan da ta ba ka rariya." Na ce, "A ba ni, Yaya." Ta ce, "Ka bari, za ka zubar mana da gari."

Idan gari ya ƙare waƙa ta tsaya, ko a tsakiyar baiti ne. Saboda haka kullum sai na aika inji. Yanzu babu gidan da ke layinsu da bai ci tuwon garinmu ba. Wata maƙwabciya ta aiko tana tambaya ko sadakar arba'in ce ba ta ƙare ba.

Ba kullum ake samu ba. Wata rana baiti talatin, wata rana ta maimaita na jiya, wata rana hannunta ya yi ciwo mu tashi haka nan. Na kan dawo gida in saurara in rubuta a takarda, idona yana ruwa saboda hasken allon. Zuwa jiya muna da ɗari biyu da sittin da ɗaya. An gama tsarki da salla da azumi da haƙƙin maƙwabci. Ta ce saura babin wankan gawa.

Ga tambayata. A cikin manhajar akwai wurin da Bashir ya ce yana share hayaniya. Na gwada a baiti goma. Ƙarar rariyar ta ɓace, amma muryar Yaya ta koma kamar daga cikin rijiya take magana, kuma na kasa gane inda baiti yake sauka. Ni ne ban iya ba, ko haka abin yake?

Baffanki, Sulaiman

Legas, 24 ga Jumada Sani

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma gaida Gwaggo da hannunta.

Kada ka share komai. Rariyar ce ke riƙe mata ma'aunin waƙar, wanda zai koya nan gaba da ita zai koya. Ka yanke inda aka yi dogon shiru kawai, ka jona baitocin bisa tsari. Na asalin kuma kada ka taɓa shi, ka zuba shi a filashi biyu, ɗaya a wajenka, ɗaya a wani gidan daban.

Na karanta wasiƙarka a ofis na yi dariya har aka waiwayo, daga baya na shiga banɗaki na wanke fuska. Saura kwana ashirin da ɗaya. Allah ya cika mana.

Zahra'u

Gyaɗi-Gyaɗi, 18 ga Rajab

Zuwa ga 'yata Zahra'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya. Yaya ta fita takaba ranar Talata, an yi addu'a, Kabiru ya zo.

Babin ƙarshe bai samu ba. Kwana goma sha tara ina zuwa. Mun tankaɗe dawa, mun tankaɗe masara, mun sheƙe gero, ta kan kai ƙarshen haƙƙin maƙwabci ta tsaya cak. Na ɗauka mantuwa ce. Ranar Lahadi na matsa mata, sai ta ajiye rariyar ta dube ni ta ce, "Kai wane irin malami ne? Ana koyar da wankan gawa a kan garin tuwo? Inna ba ta taɓa faɗinsa a tsakar gida ba. A ɗakin take faɗa, a hankali, ga wadda take zuba mata ruwa. Ni ma a can na karɓa, ina da shekara goma sha tara. In hannuna yana kan aikin zai zo. In ba haka ba, ko yanka ni za ka yi babu."

Kin ga inda muka tsaya. Shekara arba'in Yaya ce ake kira idan mace ta rasu a Darmanawa, kuma yanzu da ta fita takaba za a ci gaba da kiranta. Amma ɗakin nan ni ba na shigarsa. Kwamfutar ma ba za ta shiga ba, komai rashin nauyinta, domin mamaci yana da haƙƙin sutura, kuma ba zan sa makirfo a inda ake wanke 'yar wani ba ko da waƙar za ta ɓata gaba ɗaya. Hajiya ta ce za ta shiga, Yaya ta ce kunnen Hajiyar ya yi nauyi kuma ba ta riƙe baiti. Matan da suke taya ta a da, biyu sun rasu, ɗaya ta koma ƙauye.

Sai Yaya ta ce, "Ina 'yar Audu mai sauraron mutane a rediyo? Ta zo ta zuba mini ruwa."

Na roƙi Kabiru, ya yarda ya bar ta har bayan ƙaramar Salla, ba tare da son ransa ba. A Abuja babu wanda ya san ta balle ya kira ta. Ba na roƙon mutuwar kowa, Allah ya sani, kuma ba zan iya ce miki ga ranar da za ki zo ba. Sai dai ki zo ki zauna ki jira tare da ita. Na san kina da aiki, kina da miji, na kuma san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Ban umarce ki ba. Na gaji, 'yata, kuma iyakar inda ƙafata za ta iya kaiwa ke nan.

Baffanki, Sulaiman

Legas, 2 ga Sha'aban

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya.

Na yi kwana goma ina rubuta maka uzuri ina gogewa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ban taɓa ganin gawa ba. Ranar da Abba ya rasu ma da aka ce mu shiga mu yi masa addu'a, a bakin ƙofa na tsaya.

Jiya na kira Gwaggo na gaya mata haka. Ta ce, "Ni ma na ji tsoro. Amai na yi a bayan ɗaki, Inna ta jira na gama ta miƙo mini buta." Na ce to idan na kasa riƙe baitocin fa, tunda ba a shiga da takarda? Ta ce, "Sau uku ake zuba ruwa, sau uku zan faɗa."

Maigidana ya amince. A wurin aiki sun ba ni hutun mako shida, sun ce in na wuce haka kada in dawo. Zan taso ranar Asabar in sha Allah, kuma a Darmanawa zan sauka, ba a Gyaɗi-Gyaɗi ba, kada ka ji haushi. Ta ce in taho da zane biyu da ba na ƙaunarsu.

Ka ajiye kwamfutar da caji. Duk ranar da na fito daga ɗakin, in na yi wanka, zan zo in zauna a gabanka in faɗa maka abin da na riƙe.

'Yarka, Zahra'u

Nan wasiƙun suka tsaya. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da suka karantar da mu hannuwansu suna cikin aiki. Kai kuma mai karatu, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ikon sauraron tsofaffin gidanku tun suna iya magana, ya sa a sami mai wanke ka da ilmi da tausayi ranar da ba za ka iya wanke kanka ba. Amin.